Ba Kowace Tsoka Ce Ke Son Doguwar Wuta Ba

Iyayenmu mata da ke madafi, uwargida da amarya, da maigida da ke kan hanyar dawowa da ƙullin cefane, sharhinmu na yau naku ne, domin a kan nama za mu tsaya.

A jikin kowace dabbar da muke yankawa, sa ne ko rago ko akuya, akwai wasu dogayen tsokoki guda biyu da ke kwance ta cikin gadon baya, ɗaya a dama da ƙashin baya, ɗaya a hagu. Daga wajen ƙoda suke tashi, su miƙe zuwa ƙugu. Ba a ganinsu sai an feɗe dabba an fitar da kayan ciki. Kowacce bakinta ɗaya mai kauri ne, ɗayan kuma ya tafi yana tsukewa. Mahautan birni, a Kano ko Kaduna ko Abuja, ko a Maraɗi da Yamai, filet suke ce mata. A duk jikin dabba babu tsokar da ta kai ta laushi, kuma ba ta da yawa. A ƙaton sa, kowace ɗaya da wuya ta wuce kilo 2 zuwa 3, a shanunmu na kiwo ma sau da yawa ba ta kai haka ba. A jikin rago kuwa kaurinta bai fi yatsu biyu ko uku ba.

Me ya sa take da laushi? Saboda ba ta wahala. Ku dubi rayuwar sa a ƙasarmu. Bunaji ne ko Bokolo ko Rahaji, da ƙafarsa yake neman ciyawa da ruwa, rani da damina, shekara da shekaru, kafin a kai shi kara a Potiskum ko Maigatari ko Wudil ko Illela. Ƙafafunsa da wuyansa da ƙirjinsa su ne ke ɗaukar wannan ɗawainiya, don haka suka cika da jijiya, suka yi tauri. Ita kuwa wannan tsoka tana can ciki a kwance, ba ta ɗaukar nauyi, ba ta jan komai. Jijiyarta kaɗan ce, zarenta siriri ne, kitsenta ma ba yawa.

To, abin da ke damuna shi ne yadda muke yi da ita a gida. Ku zo mu bi ta tun daga teburin mahauci. Maigida ya zo da hantsi ya ce a ba shi na dubu kaza. Mahauci ya yanko nan, ya yanko can, ya ɗora a kan kututture ya daddatse, ya haɗa tsokar cinya da ta ƙwauri da guntun haƙarƙari da ɗan filet idan akwai saura, ya ƙara gyara, ya ƙulle a leda. An kawo gida. Uwargida ta wanke, ta zuba a tukunya da ruwa da albasa da gishiri da dunƙule, ta rufe. Ma'aunin dahuwa a wajenta shi ne yankin da ya fi kowane tauri, sai shi ya yi laushi za a sauke. Awa ɗaya, wani lokaci fiye. Daga nan a tsame, a jefa a mai, a soya har ya yi ƙayau. Idan aka zo ci, ƙwaurin ya yi daɗi, haƙarƙarin ya yi daɗi. Wancan yanki mai daraja kuwa, wanda da za a sayar da shi shi kaɗai ya fi sauran tsada, ya koma busassun zaruruwa masu maƙalewa a haƙori, yaro ya tauna ya tauna ya gaji ya tofar. Sai a ce mahauci ya ba da naman tsohuwar saniya. Alhali ba laifin saniya ba ne, ba kuma na mahauci ba. A tukunya aka kashe shi.

Ba na zargin iyayenmu da suka koya mana wannan girki. Suna da hujja mai ƙarfi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, babu firji, babu wutar lantarki, hanya guda ta ajiye nama ita ce a kore duk ruwan da ke jikinsa. Soyayyen naman layya da ke wata da watanni a cikin kwalla, da kilishi, da dambun nama, duk daga wannan hikima suka fito, kuma har gobe ina cikin masu yaba ta. Sai dai wannan dabara ce ta ajiya. Naman da za a ci yanzu-yanzu da daren nan, ba dole ne a yi masa hukuncin naman da za a ajiye har bayan wata uku ba.

Bari mu ɗan leƙa cikin naman mu ga abin da wuta ke yi masa. Ɗanyen jan nama, kusan kashi 75 cikin 100 nasa ruwa ne, zaruruwan tsoka ke riƙe da shi. Da zafi ya fara shiga, zaruruwan nan sai su fara ƙanƙancewa suna matso ruwan waje. A wajen digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyas, matsewar kaɗan ce. Idan aka haura 70, sai su ɗaure tamau, ruwan ya tsiyaye, naman ya tsuke ya yi tauri. Wannan yana faruwa ga kowace tsoka. Bambancin shi ne, nama mai jijiya yana da mafita: idan aka ci gaba da dafa shi awa biyu, awa uku, jijiyar sai ta narke ta koma wannan danƙo mai santsi da muke so a farfesun ƙafar sa ko na jela, shi ne ke mayar wa naman da taushi. Filet ba ta da wannan jijiya da za ta narke ta cece ta. Idan ruwanta ya tafi, ya tafi ke nan. Duk mintin da aka ƙara mata a wuta bayan ta nuna, asara ce. Shi ya sa ƙa'idar ta rabu biyu: nama mai tauri, wuta kaɗan, lokaci mai tsawo, nama mai laushi, wuta mai ƙarfi, lokaci kaɗan.

Wannan ba ilimin Turawa ba ne kaɗai. Mai tsire na bakin titi ya san shi tun kafin a haife mu. Ku tsaya gaban tukuba ku kalle shi. Yana zaɓen tsoka zalla, ya cire jijiya, ya yanyanka ta fale-fale, ya soka a tsinke, ya birkiɗa ta a garin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, ya yayyafa man gyaɗa, ya jera tsinkayen kewaye da wuta. Ba ya tafasawa. Ba ya tafiya ya bar su. Yana juyawa, yana dubawa, wanda ya nuna ya matsar da shi gefe. Mutum zai bar naman gidansa ya je ya biya kuɗi a wurin mai tsire, ya dawo yana cewa nasu daban ne. E, daban ne, amma ba don wani sirri ba. Ya san tsokar da ya saya, ya kuma san lokacin da zai raba ta da wuta.

Saboda haka aikin daga kasuwa yake farawa, kuma nan maganar ta maigida ce. A yi sammako. Masu tsire da masu gidajen abinci su ne ke fara kwashe wannan tsoka, wanda ya zo bayan azahar ba zai tarar da ita ba. Ka yi sabo da mahauci guda, ka gaya masa tun jiya ya ajiye maka. Ka ce ya ba ka ita ɗungurungum, kada ya daddatsa, kada ya haɗa ta da wani nama a leda ɗaya. Ka duba launinta, ja ne mai haske, ba baƙi-baƙi ko kore-kore ba. Ka shinshina. Ka danna da yatsa, kada ka ji yauƙi. Idan kuma layya ce ko suna, kai ne mai rago, to ka tsaya a kan mai fiɗa ka ce ya zare maka waɗannan biyun daban tun kafin a fara sara. Aikin minti biyu ne.

Akwai wani abu game da lokacin yanka da ya kamata a sani. Bayan an yanka dabba da wasu sa'o'i, tsokokinta kan sandare, kuma naman da aka dafa a cikin wannan hali ya fi tauri. Sai an ba shi lokaci yake saki. Shi ya sa a gidaje da yawa ake rataye ragon layya ya kwana kafin a taɓa shi, kuma kowa ya san naman washegari ya fi na ranar yanka daɗin tauna. A ƙasashen da ke da ɗakunan sanyi, sukan ajiye naman sa mako ɗaya zuwa biyu, har fiye, a sanyin da bai wuce digiri 4 ba kafin a kai shi kasuwa. Mu a nan yankan safe ne ake ci da rana. Wanda ke da firji mai tsayayyiyar wuta, ya sa filet ɗinsa a ciki ta kwana ɗaya ko biyu, zai ga bambanci. Wanda ba shi da shi, kada ya kwaikwayi wannan a kan tebur. Yankakken ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a lokacin tsananin zafi ma awa ɗaya.

Yanzu ga nama a hannunki, uwargida. Abu na farko, ki duba bayan tsokar, za ki ga wani farin tantani mai sheƙi ya lulluɓe wani sashe nata. Wannan ba kitse ba ne, ba ya narkewa a gajeriyar wuta. Idan aka bar shi, da ya ji zafi zai tsuke ya lanƙwasa naman, kuma haƙori ba ya cin sa. Ki samu wuƙa mai kaifi, ki zura tsininta a ƙarƙashin tantanin ki ɗago ɗan baki, ki kama bakin da yatsun hagu ki ja shi ya miƙe, sannan ki kwantar da wuƙar, kaifinta na kallon sama kaɗan wajen tantanin, ki tura ta a hankali. Zai rabu da naman a dogon zare, ba tare da kin yi asarar tsoka ba. Kada ki zubar da shi, ki jefa a tukunyar miya, can yake da amfani.

Sai maganar wanki. Masana lafiyar abinci a Turai da Amurka suna hana wanke ɗanyen nama, saboda fantsamar ruwan na watsa ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da kayan lambu. Amma nasu naman a rufe yake zuwa daga ɗakin sanyi. Namu ya sha ƙura, ƙuda ya sauka a kai, ga ɓurɓushin ƙashi da na kututture. Ba zan ce wa kowa kada ta wanke ba. Ki wanke a cikin roba, a hankali, nesa da salak da tumatirin da za a ci ɗanye, ki zubar da ruwan, ki wanke robar da wuƙar da hannunki da sabulu. Amma bayan nan, ga abin da aka fi mantawa: ki tsane naman da tsabtataccen ƙyalle har ya bushe sarai.

Dalilin tsanewar yana da muhimmanci. Wannan jan launi mai duhu da ƙamshin gashi da ke tada yunwa tun daga zaure, wata haɗuwa ce da ke faruwa tsakanin sinadaran nama idan zafi ya kai wajen digiri 140 zuwa sama. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayaninta a 1912. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, ba ya wuce nan. Muddin akwai ruwa a bayan nama, kaskonki ba zai iya kai shi ga wancan zafi ba. Sai ya tsaya yana dahuwa a cikin tururinsa, ya yi fari-fari, kuma kafin ruwan ya ƙone cikinsa ya riga ya wuce misali. Haka ma idan aka cika kasko da nama taf: kowane yanki ya saki ruwa, suya ta koma tafashe. Gara a soya kashi biyu ko uku, a bar tazara tsakanin yanka da yanka.

Gishiri kuma, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya ishi rabin kilo. Ko dai ki barbaɗa daf da sawa a wuta, ko ki sa tun da wuri ki ba shi kamar minti arba'in zuwa awa ɗaya a wuri mai sanyi. Abin da ba a so shi ne tsakiya, minti goma ko sha biyar, domin a lokacin gishirin ya jawo ruwa waje bai kuma koma ba, naman na jiƙe. Kayan ƙamshi namu sun wadatar: masoro, citta, ɗan kanumfari, tafarnuwa, barkono gwargwadon bakin mutanen gida. A ra'ayina kada a cika. Wannan tsoka ɗanɗanonta sanyi gare shi, idan aka danne ta da dunƙule uku da kori da tayim, ba a san me aka ci ba. Tafarnuwa da garin barkono suna saurin ƙonewa su yi ɗaci a kasko mai zafi, don haka a sa su daga baya.

Kada a jiƙa ta da ganyen gwanda ko kanwa. Gaskiya ne gwanda na da wani sinadari mai narkar da nama, kuma yana taimakon tsokar cinya mai tauri, amma filet zai mayar da ita dagwalo. Tun da muka zo nan, bari in faɗi abin da ba na iya wucewa ban faɗa ba. Akwai masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi, su rage cin gawayi ko gas. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Magani ba kayan miya ba ne, yana iya illata hanta da ƙoda, kuma waɗanda za su ci ba su san an sa ba. Don Allah a bari.

Mu koma kasko. Ki yanka tsokar a gicciye, wato wuƙa ta ratsa zaren naman, ba ta bi tsawonsa ba. Kaurin kowane yanka kamar yatsu biyu. Ki ɗora kasko mai kaurin gindi, irin na ƙarfe mai nauyi, ki bar shi ya yi zafi sosai. Ki zuba man gyaɗa cokali biyu kacal, ba kogin mai ba. Da man ya fara sheƙi yana shirin hayaƙi, ki kwantar da naman. Dole ki ji ƙara mai ƙarfi nan take. Idan ba ki ji ba, kaskon bai yi ba, ki ɗauke ki jira. Daga nan ki cire hannunki. Kada ki motsa, kada ki danna da bayan cokali, kada ki rufe. Minti uku zuwa huɗu, zai saki kaskon da kansa, ki juya ki ga ya yi ja mai duhu. Ɗaya gefen ma haka. A mintin ƙarshe ki rage wuta, ki jefa ɗan man shanu da dakakkiyar tafarnuwa, ki karkata kaskon kina ɗibar man da cokali kina zuba wa naman a kai. Ki kwashe.

Kada a yanka shi nan take. A ajiye a faranti, a kifa wani kwano a kai ba tare da an toshe ba, a ba shi minti biyar. A wannan hutu zafin da ke bayan naman yana ci gaba da ratsawa ciki yana ƙarasa dahuwar, ruwan da ke cikinsa kuma yana natsuwa. Kafin ya huta, kaskon nan da ya kama baƙi-baƙi a gindi kada a kai shi wurin wanke-wanke, daɗin yana nan. A zuba yankakkiyar albasa da attaruhu, a juya, a ƙara rabin kofi na romo ko ruwa, a kankare gindin da cokalin katako, a bar shi ya yi kauri, a matsa lemon tsami kaɗan. Ga abin zubawa a kan shinkafa ko sinasir, ko a ci da gurasa.

Idan ta rago ce, wadda ba ta da kauri, ba sai an yanka ba. A sa ta yadda take, a riƙa juyawa, minti shida zuwa takwas ta gama. Mai gawayi kuma, ya tara garwashin a gefe ɗaya na murhu. Ya fara ɗora naman a kan wuta sosai har kowane gefe ya yi ja, sannan ya matsar da shi gefen da ba garwashi ya ƙarasa a hankali. A jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka, kafin a ɗora, in ba haka ba baya ya ƙone ciki ɗanye.

Na san tambayar da ke bakin da yawa daga cikinku, kuma tambaya ce mai kyau. Idan aka yanka aka ga cikinsa da ɗan ja-ja, ruwa mai launi na fita, ba jini ba ne? Ba ɗanye ba ne? Jinin dabba yana fita ne a wurin yanka, shi ya sa ake barin ta ta gama zubar da shi kafin a fara fiɗa. Wannan jan ruwa da ke cikin tsoka, ruwan naman ne haɗe da wani sinadari da ke ba tsoka launinta, shi ne ya sa naman sa ya fi na kaza ja. Malamanmu kuma sun yi bayani cewa jinin da aka haramta shi ne mai kwarara, ba abin da ya saura a jikin tsoka bayan yanka ba. Duk da haka, wanda ransa bai kwanta da ganin ja ba, kada ya tilasta wa kansa. Abinci da natsuwa ake cin sa. Ya ƙara minti ɗaya ko biyu a kowane gefe har jan ya ɓace. Tsakanin wannan da tafasawar awa guda akwai tafiya mai nisa.

Ta fuskar lafiya kuwa, launi ba shi ne alƙali ba, zafin da ya kai tsakiyar nama shi ne. A Amurka, inda ake cin naman alade, wanda mu Musulmi addini ya haramta mana, an shafe shekaru masu yawa ana umartar mutane su dafa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 71, don tsoron wata tsutsa da ke zama a tsokarsa. Irin wannan tsoka ta gadon baya ita ta fi shan wahalar wannan doka, kullum a bushe take isa faranti. A shekarar 2011 Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta sauke ma'aunin zuwa digiri 63, da sharaɗin a bar naman ya huta minti uku, ta kuma sa wannan ya zama ƙa'ida ɗaya ga duk tsokar da ba a niƙa ba, ta sa ce ko ta rago. Niƙaƙƙen nama ta bar shi a 71, kaza da sauran tsuntsaye a 74. Hikimar ita ce, ƙwayoyin cuta a bayan tsoka suke zama, inda wuƙa da hannu da ƙuda suka taɓa, kuma nan ne wuta ke fara ci. Amma da an niƙa nama, ko an sossoke shi, ko an daka, an tura na waje ciki, sai a dafa shi har can.

Sai dai ina so mu ɗauki wannan ma'auni da idonmu a buɗe. Su naman da suke magana a kai likitan dabbobi ya duba shi, kuma bai fita daga sanyi ba tun daga mayanka har kanti. Mu ba kowace dabba ce ke bi ta hannun likita ba. Akwai tsila, wadda ake ɗauka daga naman sa da bai nuna ba, 'ya'yanta kan zauna a cikin tsoka kamar fararen ƙwayoyin shinkafa. Wanda ya ga irin haka a nama kada ya ci. Saboda haka ni shawarata, digiri 63 shi ne ƙasa, kada a sauka daga nan, kada a kwaikwayi masu cin nama jajur da ake gani a talabijin. Mai juna biyu, da ƙananan yara, da tsofaffi, da marar lafiya, a kai musu nasu 71, ba sauran ja ko kaɗan. Ko a hakan, idan aka sauke a kan lokaci, zai yi laushi. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke da ake soka wa nama, ana samunsa a shagunan kayan girki na manyan garuruwa. Gidan da ke yawan gashi, ya cancanci a saya. Wanda ba shi da shi, ya tsaga yanki ɗaya mafi kauri ya duba: tsakiyar ta yi zafi sosai, ba ta sheƙin ɗanye, ruwan da ke fita ya fara washewa.

Akwai kuma abin da wuta ba ta gyarawa. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gonar dabbobi a Suleja ta jihar Neja, hukumomi suka gargaɗi jama'a su guji yanka dabbar da ba ta da lafiya. Dabbar da aka yi wa yankan gaggawa don ta kusa mutuwa, aka kawo namanta da araha, ba a sayenta, komai iya girkin uwargida. Araha irin wannan asibiti take kai mutum.

Wani zai ce, a wannan tsadar rayuwa, da nama ya zama sai wane da wane, wa ke da sukunin zaɓen tsoka? Ni kuma ina ganin tsadar ce ma ta sa maganar ta zama dole. Lokacin da nama ke da araha, idan an ɓata yanki ɗaya ba a ji ba. Yau da magidanci ke haɗa gumi kafin ya sayi rabin kilo, bai kamata a dafa shi yadda zai tsuke ya koma rabi, a kuma ƙona gas na awa guda a kan abin da minti goma ya ishe shi ba. Ko ba filet aka saya ba, ko kashi ɗaya ne na haɗin gambiza, uwargida za ta iya zama ta ware: mai jijiya da mai ƙashi su tafi tukunyar miya tun da wuri, tsoka mai laushi a ajiye ta gefe, a soya ta daban a ƙarshe, ko a jefa ta cikin miyar saura minti kaɗan a sauke. Kuma tsohon da haƙoransa suka zube, wanda ya daina sa hannu a kwanon nama don ba ya iya taunawa, wannan tsoka ita ce rabonsa, idan aka dafa ta yadda ya dace.

Ina kira ga mahautanmu da shugabanninsu, Sarakunan Fawa na garuruwanmu, su riƙa ware nama kashi-kashi suna gaya wa mai saye wanne ne na miya, wanne ne na gashi, domin ilimin yana hannunsu, kuma ba zai rage musu ciniki ba. Maigida, gobe idan ka je kasuwa, ka tambayi wannan tsoka da sunanta, ka ce a ƙulle maka ita daban. Uwargida, ki tsane ta, ki zafafa kasko, ki tsaya a kanta minti goman nan kada ki je ko'ina, sannan ki bar ta ta huta kafin ki kai wa mutanen gida.